Finiks: Birnin Hamada Da Yara Ke Hutu A Cikin Ruwa

Duk wanda jirgi ya kai birnin Finiks da rana, in ya leƙa ta taga kafin a sauka, abu biyu zai gani. Na farko ƙasa ce ja, busasshiya, da duwatsu tsirara ba ko ciyawa. Na biyu kuwa ɗige-ɗige ne shuɗɗa a warwatse a bayan gidaje, kamar an watsa duwatsun wuya a kan tabarma. Kowane ɗigo kwamin ninkaya ne, wato wani babban rami da aka gina da siminti, aka cika shi da ruwa domin iyo. Kusan gida ɗaya cikin uku na birnin yana da nasa, kuma a nan ne iyalai ke cinye mafi yawan hutun bazara.

Finiks, wanda za ku tarar an rubuta shi Phoenix a taswira, shi ne babban birnin jihar Arizona a kudu maso yammacin Amurka. Mutanensa sun kai miliyan 1.6, shi ne na biyar a yawan jama'a a ƙasar. Yana zaune a tsakiyar hamadar Sonora, ruwan saman da yake samu a shekara bai cika milimita 200 ba. Kano tana samun wajen ninki huɗu na wannan. To ta yaya garin da ya fi kusa da Agadas a ƙarancin ruwan sama ya zama garin masu iyo? Ku biyo mu mu zaga.

Zafin da ke kora mutum cikin ruwa

Bazarar Amurka tana kamawa ne daga watan Yuni zuwa Agusta, daidai lokacin da mu muke tsakiyar damina. A Arizona ana ba da dogon hutun makaranta a ƙarshen Mayu, a koma a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. Hutun nan kuwa yana faɗawa ne kan lokacin da rana ta fi ƙuna. A shekarar 2023 Finiks ya yi kwana 31 a jere, daga 30 ga Yuni zuwa 30 ga Yuli, zafin kowace rana bai gaza digiri 43 ba. Mafi tsananin da aka taɓa aunawa a birnin shi ne digiri 50, ranar 26 ga Yunin 1990. Dare ma ba ya kawo sauƙi sosai, domin kwalta da siminti suna shan zafi da rana su yi ta fitar da shi har asuba.

Ɗan Sakkwato ko ɗan Maiduguri zai ce ai wannan ba baƙon abu ba ne, mu ma muna ganin haka a watan Afrilu. Gaskiya ne. Bambancin shi ne yadda aka gina garin. Babu zaure mai kaurin bango, babu inuwar darbejiya a ƙofar gida, ba kuma a cika tafiya da ƙafa ba. Daga gida mai na'urar sanyaya ɗaki sai mota, daga mota sai kanti. Da azahar kwalta kan yi zafin da in mutum ya faɗi a kai fatarsa za ta sale, kuma duk shekara likitocin ƙuna na garin suna karɓar irin waɗannan majinyata. Yaron da ke hutu ba shi da halin buga ƙwallo a fili da tsakar rana. Wuri ɗaya ya rage masa a waje, shi ne cikin ruwa.

Yinin hutu a bayan gida

Gidajen unguwannin Finiks yawanci ƙasa suke, ba bene, kowanne da katangar bulo a kewaye da bayansa. A wannan farfajiya ta baya rayuwar bazara take. Akwai rumfa mai fanka, da kujerun roba, da murhun gashi, sai kwamin a tsakiya. Matsakaicinsa yakan kai tsawon mita tara ko goma, gefe ɗaya ruwan iya ƙugu, ɗaya gefen kuma ya shanye babban mutum. Daɓen da ke kewaye da shi ana shafa masa wani abu na musamman don kada ya ƙona tafin ƙafa.

Tun da sassafe ake fara shiga, kafin rana ta yi ƙarfi. Uwa za ta bi yara da man kare fata daga rana, ta shafa musu a kafaɗu da hanci suna zillewa. Da hantsi ya ɗaga sai a koma ɗaki a ci abinci, a yi karatu ko kallo. Bayan la'asar a sake fitowa, wannan karon har da 'ya'yan maƙwabta. Gidan da ke da kwami shi ne dandalin unguwa, kamar yadda gidan da ke da talabijin yake a ƙauyukanmu a da.

Wasan da ya fi shahara sunansa Marco Polo, sunan wani matafiyi ɗan birnin Benis na ƙasar Italiya. Yaro ɗaya zai rufe ido a cikin ruwa ya kira rabin sunan na farko, sauran su amsa da rabi na biyu, shi kuma ya bi murya yana lalube har ya taɓa wani. Wanda aka taɓa shi zai karɓi rufe ido. Akwai kuma gasar nutso, a jefa zobban roba ƙasan ruwa a ga wanda zai fi tsinto su, da gasar tsalle a dunƙule gwiwa a ƙirji don a ga wanda zai fi fantsama ruwa.

Da yamma maigida zai hura gawayi ko ya kunna murhun gas. Ana gasa nama da masara, a yanka kankana mai sanyi. Da yake kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen birnin 'yan asalin Meziko ne da sauran ƙasashen kudancin nahiyar, a gidaje da yawa za ka tarar da yankakken naman sa gasasshe ana naɗe shi cikin wata siririyar gurasa ta masara ko ta alkama, a zuba yaji da lemon tsami. Babbar rana ita ce 4 ga Yuli, ranar 'yancin kan Amurka. Dangi kan taru tun rana, da dare kuma a zauna a bakin ruwa, ƙafafu a ciki, ana kallon wasan wuta a sama.

Wani abin dariya shi ne a tsakiyar Yuli ruwan kansa yana ɗumama har ya wuce digiri 32, ya koma kamar ruwan wankan jego da ya huce. Saboda haka da dare ake kunna wani ɗan famfo mai feshin ruwan sama ya dawo, iskar dare ta rage masa zafi.

Wasan kan tsaya cak idan hadari ya taso. Daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Satumba garin yana da 'yar gajeriyar daminarsa mai tsawa da walƙiya, kuma wani lokaci kafin ruwan sauka wata katangar ƙura takan taso daga hamada ta rufe gari. Mutanen Finiks suna kiranta habub, kalmar Larabci da aka aro daga Sudan, inda mutanen Khartoum suka daɗe da saninta. Wadda aka yi ranar 5 ga Yulin 2011 har yau ana labarinta. Washegarin habub kwami kan koma kamar kunu, yara su kwashi raga da buroshi su taya iyaye aiki.

Aikin kwami ba ya ƙarewa. Kullum sai inji ya yi awoyi yana tace ruwan, a zuba sinadarin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta, a auna, a kwashe ganye. In aka yi sakaci na 'yan kwanaki sai ruwan ya zama kore, sauro ya sami gidan ƙwai. Hukumar gundumar Marikofa, wadda Finiks ke cikinta, har ƙananan kifaye masu cin tsutsar sauro take rabawa don a zuba a irin waɗannan wurare da aka yi watsi da su.

Daga ina ruwan yake zuwa?

Ga lissafi ga masu son lissafi. Matsakaicin kwami yana cin wajen lita 60,000. In jarka ɗaya lita 25 ce, jarka 2,400 ke nan. In kurar mai ruwa tana ɗaukar jarka 12, sai ya yi sawu 200 kafin ya cika shi. Kuma rana da busasshiyar iska suna shanye kusan mita biyu na zurfin ruwan da aka bari a buɗe a shekara. Ma'ana, kusan duk abin da ke cikin kwamin yana tashi sama kowace shekara, sai an sake zubawa.

Labarin ruwan garin ya girmi Amurka kanta. Wasu mutane da masana ke kira Hohokam sun haƙa magudanan ruwa na ɗaruruwan kilomita daga kogin Salt da hannu da itace da dutse, suka noma masara da wake da auduga shekaru aru-aru. Wajen shekarar 1450 garuruwansu suka watse. A 1867 wani mutum mai suna Jack Swilling ya ga sawun tsofaffin magudanan, ya tara mutane suka sake yashe su. Daga nan sunan garin ya samo asali: Finiks wani tsuntsu ne a tatsuniyar Girkawa da ke ƙonewa ya sake tashi daga tokarsa, shi ma garin a kan kufai ya tashi.

A 1911 aka kammala madatsar Roosevelt a kan kogin Salt. Da gari ya ci gaba da girma sai aka miƙa hannu nesa, aka haƙa wata doguwar magudana daga kogin Kolorado mai tsawon kilomita 540, aka gama ta a 1993. Ruwan ba gangarowa yake yi da kansa ba, manyan injuna ne ke tura shi sama har kusan mita 900 a kan hanya. Kogin Kolorado kuwa jihohin Amurka bakwai ne ke rabonsa, ga kuma ƙasar Meziko, kuma tun shekarar 2000 yankin ke fama da fari. A 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a kogin karo na farko a tarihi, aka rage wa Arizona kusan kashi ɗaya cikin biyar na rabonta. A tsakiyar 2022 tafkin Mead, babban rumbun ruwan kogin, ya sauka zuwa ɗan sama da rubu'in cikinsa.

Adalci shi ne a faɗa cewa ba kwamin ninkaya ne ke shanye ruwan jihar ba. Noma ne ke ɗaukar wajen kashi 70 cikin 100. Amma a cikin gari, fiye da rabin ruwan gida a waje yake ƙarewa, a kan ciyawa da itatuwa da kwami. Shi ya sa ake roƙon mutane su riƙa rufe ruwan da mayafin roba in ba a amfani da shi, abin da ke rage tashinsa ƙwarai. A yankin Las Vegas na jihar Nebada, maƙwabciyar Arizona, hukumomi sun wuce roƙo: daga 2022 an hana gina sabon kwamin gida da faɗinsa ya wuce kimanin murabba'in mita 56.

Fari ya taɓa haifar da abin da ba a zata ba. A farin da aka yi a Kalifoniya a 1976 da 1977, wurare da yawa na ninkaya sun zauna ba ruwa. Samari masu wasan allon taya suka riƙa shiga cikin busassun ramukan suna hawa bangonsu mai lanƙwasa. Salon da suka ƙirƙiro a can yana daga cikin wasannin Olamfik a yau.

Waye ke da ruwa, waye ba shi da shi

In ka bar unguwannin arewa ka nufi kudancin birnin, shuɗɗan ɗigon nan raguwa suke yi, haka ma itatuwa. Talaka a Finiks yana shan zafin da mai hali bai sani ba. A 2023 mutum 645 ne zafi ya yi ajalinsu a gundumar Marikofa, da yawansu marasa matsuguni ne da tsofaffin da na'urar sanyaya ɗakinsu ta lalace. Yaran unguwannin marasa ƙarfi sun dogara ne da wuraren ninkaya na hukumar birni, waɗanda ake shiga da kuɗi kaɗan, amma a wasu shekarun baya-bayan nan da yawansu sun kasa buɗewa saboda rashin isassun masu ceto.

Wannan rabuwa tana da tarihi. A farkon ƙarni na 20 biranen Amurka sun gina manya-manyan wuraren ninkaya na jama'a, amma a wurare da yawa an hana baƙar fata shiga. Ranar 18 ga Yunin 1964, a garin St. Augustine na jihar Fulorida, masu fafutukar 'yanci baƙaƙe da farare suka shiga kwamin wani otal tare, sai manajan ya zuba ruwan asid a ciki. Hoton ya zaga duniya. Da doka ta tilasta a buɗe wa kowa, wasu garuruwa suka gwammace su rufe wuraren gaba ɗaya, kamar yadda birnin Jackson na jihar Mississippi ya yi. A daidai wannan zamani ne iyalai masu hali suka yi ta ƙaura zuwa sababbin unguwannin bayan gari, kuma sabuwar dabarar fesa siminti ta sa gina kwami a gida ya yi araha. Iyo ya tashi daga dandalin kowa ya koma bayan katanga.

Uban da aka hana koyon iyo ba zai koya wa ɗansa ba. Har yau alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suna nuna cewa yara baƙar fata 'yan shekara 10 zuwa 14 suna nutsewa a kwami fiye da takwarorinsu farare har ninki bakwai. Shi ya sa lokacin da Simone Manuel ta ci lambar zinare a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ta zama baƙar fata mace ta farko daga Amurka da ta yi haka a tseren ninkaya na mutum ɗaya, murnar ta wuce ta wasa kawai.

Katanga, ƙofa da ido

A Amurka babu abin da ya fi nutsewa kashe yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu, kuma yawancinsu a kwamin gida abin ke faruwa. Finiks ya san wannan baƙin ciki. Duk bazara jami'an kashe gobara, waɗanda su ake fara kira in an ciro yaro, suna fitowa a talabijin suna gargaɗi. Dokar Arizona ta ce gidan da ke da yaro ƙasa da shekara shida sai an kange kwaminsa. Shingen ya kai tsayin ƙafa biyar, ƙofarsa ta zama mai rufe kanta ta kulle, sakatar kuma a sama inda hannun yaro ba ya kai wa.

Amma shinge ba ya aiki a ranar biki, lokacin da ƙofa ke buɗe, manya ashirin suna hira, kowa yana zaton wani ne ke duba yara. Don haka iyalai da yawa suka ɗauki wata al'ada. Ana rataya wa babban mutum ɗaya wani kati a wuya, shi ne mai gadin ruwa. Ba ya duba waya, ba ya gashi, ba ya hira. Bayan kamar minti goma sha biyar sai ya miƙa wa wani katin hannu da hannu. Dalili shi ne mai nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a fim. Numfashin da zai yi ihu da shi ma nemansa yake. A tsaye yake a cikin ruwa, kai a ɗage, baki na shiga yana fita, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya yana iya ɓacewa.

A nan ne labarin ya zo ƙofar gidanmu. Ba mu da kwami a bayan gida, amma muna da kududdufi da ramukan da aka haƙi ƙasar gini, da gulbi, da madatsun ruwa, da rijiyoyin da ba murfi. Dogon hutunmu yana zuwa ne a Agusta, lokacin da duk suka cika suka batse, kuma babu daminar da ke wucewa ba a ji an ciro gawar wani yaro ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce ke kan gaba. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 25 ga Yulin kowace shekara don tunatarwa a kan haka. Ga kuma tsargiya, cutar fitsarin jini da ake ɗauka a ruwan da ba ya gudu.

Mu ba baƙin ruwa ba ne. Duk wanda ya ga 'yan su da masu gasar ninkaya da nutso a bikin kamun kifi na Argungu ya san akwai gwanaye a ƙasar nan. Abin da muka rasa shi ne a mayar da iyo darasi, a koyar da shi a gaban babba, a wurin da aka san zurfinsa. Kafin a kai ga haka, ku riƙe waɗannan. Kada ku shiga ruwa ku kaɗai, kada kuma ku tsunduma da ka a inda ba ku san ƙasansa ba. Ku guji ruwa mai gudu bayan an ɗauke ruwan sama, ku fita da zarar kun ji tsawa. In an bar muku ƙani ko ƙanwa, ku sani bokiti ko bahon wanki ma ya isa ya halaka mai rarrafe, a kife shi in an gama. In kuka ga wani yana nutsewa, ku yi kururuwa, ku miƙa masa gora ko igiya kuna kwance a bakin ruwa, ko ku jefa masa jarka rufaffiya wadda ba komai a ciki, domin tana iya ɗaga mutum. Kada ku faɗa ku bi shi, mai nutsewa yakan danne wanda ya zo cetonsa.

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Mutanen Finiks sun kashe dukiya mai yawa sun jawo kogi daga nesa don 'ya'yansu su yi wasa, amma abin da ke mayar da yaran ɗaki lafiya kowane dare bai wuce sakata a ƙofa da mutum ɗaya da ya ajiye wayarsa ya zuba ido ba. Wannan kam ba sai an je Amurka ba, a wannan hutun ma kuna iya zama wannan mutumin ga ƙannenku.